Ginin da aka fara daga rufi

Mu da muke aikin gini a Legas mun saba da tsari ɗaya, a haƙa fandisho, a zuba kankare, a jera bulo har a kai dekin. To akwai wani wurin bauta na Hindu a Indiya da aka yi shi akasin haka, kuma wallahi tunda wani injiniya Ba'indiye mazaunin unguwar Ilupeju ya nuna mana hotonsa a wurin aiki a Lekki abin bai bar raina ba.

Sunansa Kailasa, yana Ellora a jihar Maharashtra, shi ne kogo na 16 cikin koguna 34 da ke wurin. Ana danganta shi da sarki Krishna na ɗaya na gidan sarautar Rashtrakuta, a ƙarni na 8. Ba su ɗora dutse kan dutse ba fa, dutse guda suka samu suka hau kansa suka dinga sassaƙawa suna yin ƙasa, rufi ya fara fitowa sannan ginshiƙai da ɗakuna sannan tsakar gida, tsayinsa ya kai mita 30, kuma da guduma da kurfi aka yi shi duka. Ni in bango ya karkace sai in rushe in sake, asarar siminti ce kawai, su kuwa in hannu ya zame aka cire abin da bai kamata ba shikenan babu mayarwa, ka ga kenan sai da babban magininsu ya gama ganin ginin kaf a kansa kafin a buga guduma ta farko.

Siffar ma ba ado ba ce kawai. A imaninsu abin bautarsu Shiva yana zaune ne a dutsen Kailash can Tibet, shi ya sa suka yi ginin kamar dutsen har da shafa masa farin filasta. Can ciki akwai ɗan ɗaki mai duhu da suke ajiye alamar Shiva wato linga, a gabansa siffar bijimin sa mai suna Nandi yana kwance yana fuskantarsa, daga ƙasa kuma giwaye ne jere kamar su suka ɗauko ginin a baya. Har hoton Ravana, wani mugun sarki a labaransu, yana girgiza dutsen Kailash sun sassaƙa.

Wani abokina a Agege ya ce me ya kai Musulmi kallon gidan gumaka. Na ce masa Malam akidata tana nan daram, ba bauta nake yi ba, amma magini ba zai ga aikin hannu irin wannan ya kau da kai ba. A Ellora ɗin ma kogunan mabiya addinin Buddha da na addinin Jain suna nan gefe da gefe da na Hindu, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1983.