Dogon Amo da Majigi a Ƙananan Ɗakunan Bauchi

Akwai wani nau'in kiɗa da nake yi a Bauchi wanda ba shi da amshi, ba shi da ganga, ba a kuma taka masa rawa, kuma da wuya in yi wa mutum bayaninsa bai tambaye ni ko ya cancanci a kira shi kiɗa ba. Amo ɗaya ake ɗaukowa, ko biyu ko uku, a riƙe su na tsawon minti 40 ko awa guda, ana ɗan gusa su sannu a hankali ta yadda mai sauraro ba zai iya nuna lokacin da sauyi ya auku ba, sai dai ya farga cewa abin da yake ji yanzu ya bambanta da na ɗazu. A Turai da Amurka drone suke ce masa, ni kuwa dogon amo nake kiransa. A ƙananan wurare muke yin sa, falon wani aboki ko aji da babu kowa da dare ko ɗakin bayan shago, mutum 20 zuwa 30 suna zaune a kan tabarma, majigi yana haska hoto a bango.

Waɗanda suka kafa wannan salo a zamaninmu sanannu ne. La Monte Young, Ba'amurke da aka haifa a 1935, ya rubuta wani aiki a 1960 wanda gaba ɗayansa sauti biyu ne tare da umarnin a riƙe su na dogon lokaci, kuma daga 1970 shi da matarsa Marian Zazeela suka zama ɗaliban mawaƙin Indiya Pandit Pran Nath. Duk wanda ya taso da fina-finan Indiya ya san wannan amo da ke kwance ƙarƙashin waƙoƙinsu na gargajiya, na molon nan da suke kira tanpura, ko da bai taɓa lura da shi ba. A 1993 ma'auratan suka buɗe wani ɗaki a birnin Niyok mai suna Dream House, inda sautin Young da hasken Zazeela suke tafiya awa da awanni, mutum ya shiga ya zauna ya fita lokacin da ya ga dama. A Faransa, Éliane Radigue ta shafe shekaru masu yawa tana aiki da na'urar haɗa sauti guda ɗaya, ARP 2500. Amma wanda ya fi kusa da abin da nake yi shi ne Phill Niblock, wanda ya rasu a Janairun 2024, domin shi ne ya riƙa haɗa dogon amo da fim ɗin mutane suna aiki, masunta da manoma da masaƙa, waɗanda ya fara ɗauka a 1973 a ƙasashe irin su Meziko da Peru, daga baya har da Sin.

Duk waɗannan mutane suna da abin da ba mu da shi, wato wutar da ba a ɗaukewa da ɗakin da za a iya rufewa a yi tsit. Abin da na tsaya a kai shi ne, mai son yin wannan kiɗa a Bauchi dole ya gina shi a kan ɗakin da ya samu da duk ƙarar da ke cikinsa, domin idan ya ce zai jira shiru irin na Niyok to ba zai taɓa farawa ba.

Janareta ne farkon abin da ake sasantawa da shi. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙaramin janareta yana juyawa kusan sau 3,000 a minti domin ya ba da irin wannan wuta, saboda haka gunjinsa yana da sauti takamaimai, mai kaɗawa wajen sau 50 a daƙiƙa da ninkinsa, 100 da 150 da abin da ya yi sama. Idan na saita nawa amon a kan 110, kamar yadda mai bin ma'aunin piyano zai yi, sai shi da na janareta su yi ta gogayya har ƙarshen wasa, kuma komai nisan da aka kai injin sai ya shigo ta taga. Don haka kafin kowa ya iso nakan sa a tayar da injin, a kunna majigi da sifiku da fanka da duk abin da zai ci wuta a daren, in auna gunjin da manhajar waya, sannan in ɗora tushen kiɗan a kansa. Daga nan sauran sautukan suke tashi, 150 da 200 da 300, kowanne yana da alaƙar lissafi mai sauƙi da tushen, sai janareta ya koma ɗaya daga cikin makaɗan. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Young ya sha faɗin cewa gunjin na'urorin wutar lantarki na cikin sautukan da suka tsaya masa a rai tun yana yaro a jihar Idaho, kuma a kan 60 ya riƙa ɗora nasa, domin ita ce kaɗawar wutar Amurka. Bambancin shi ne tasa 60 ɗin ba ta motsi, tamu 50 kuwa tana yawo. Da zarar firjin maƙwabcin da muka jona wa wuta ya tashi, sai injin ya yi nauyi, gunjinsa ya sauka, ni kuma in bi shi da hannu a kan kwamfuta ko in bar shi ya goga da nawa na ɗan lokaci har ya dawo. Sau da yawa wannan ɗan karkacewar ita ce abin da ya fi komai daɗi a daren.

Gogayyar da nake magana a kai ita ce zuciyar sana'ar, kuma lissafinta ba shi da wuya. Idan aka saki amo mai kaɗawa 200 tare da mai 203, kunne ba ya raba su biyu, abin da yake ji shi ne amo ɗaya da ke kumbura yana sacewa sau 3 a kowace daƙiƙa. Idan na ja na biyun zuwa 202 sai bugun ya koma sau 2, a 201 sau 1, kuma idan na ɗauki minti 10 ina wannan tafiya, mutanen ɗakin za su ji bugun yana raguwa har ya tsaya cak. Da manhajar Pure Data nake yin wannan, wadda kyauta ce kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. Sauran kayan haya ne daga masu kiɗan biki, sifiku biyu da mikisa.

Shi kansa ɗakin yana da nasa ra'ayin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon amo mai kaɗawa 100, wato nisan da yake yi a kaɗawa ɗaya, ya kai mita 3.4, kusan faɗin ɗakunan da muke samu. Yana dukan bango ya dawo ya haɗu da mai zuwa, sai a sami wurin da ya yi kauri har ana jin sa a ƙirji, taku ɗaya daga nan kuma ya kusan ɓacewa. Shi ya sa nake gaya wa mutane tun farko cewa suna da izinin tashi su canza wuri, ko su juya kai kawai, domin kowane gefe da abin da yake ji. Rufin kwano kuma yana da sautin da ba ya jurewa. A wani ɗaki da muke yawan amfani da shi a Yelwa, akwai fallen kwano ɗaya a kusurwar gabas da ƙusarsa ta saki, da zarar amon ƙasa, wato mai kauri, ya kai wani mataki sai ya fara karkarwa, gilasan taga su amsa masa, ƙura ta riƙa zubowa ta ratsa hasken majigi. Gilasan mukan cusa musu kwali a tsakani su yi shiru. Kwanon kuwa na hana a buga masa ƙusa, saboda na san daidai inda yake farkawa, kuma nakan ajiye shi sai kusan ƙarshe.

Batun hoto shi ne inda na fi saɓa wa abokaina masu harkar bidiyo. Su suna son launuka masu tsalle da zane-zanen kwamfuta da ke bin sauti, ya yi ƙarfi su yi haske, ya lafa su dushe. Ni ina ganin wannan yana kashe sauraro, domin Bahaushe ya riga ya faɗa, gani ya kori ji, kuma idan ido ya sami abin bi to kunne ya tafi hutu. Amma ɗaki mai duhu ba tare da hoto ba shi ma ba ya yiwuwa a nan, don ba mu saba zama mu 30 muna kallon bango ba, kafin minti biyar an fara ciro waya. Aikin hoton shi ne ya zaunar da mutum har kunnensa ya buɗe. Saboda haka abin da nake haskawa ɗauka ɗaya ce doguwa, ba yanka, ba labari, kamara a kafe: hannun maƙeri a kan zugazugi, masu sheƙar shinkafa da ƙaiƙayi yana tashi, saman ruwan madatsar Gubi da sassafe, ruwan Wikki a Yankari da yashi yana motsi a ƙasansa. A nan na bi Niblock, wanda ba ya daidaita fim da kiɗa ko kaɗan, kowanne tafiyarsa yake yi, inda suka haɗu sun haɗu. Abin mamaki shi ne kullum sai wani ya zo bayan an tashi ya yaba mini yadda na sa bugun amon ya yi daidai da hannun maƙerin, alhali kwakwalwarsa ce ta yi wannan ɗinkin.

Ba na nuna fuska. Dalili na farko mutunci ne, musamman idan mata ne ke aikin, kuma ko hannu zan ɗauka sai na nemi izini na kuma faɗi inda za a nuna. Na biyu kuwa, Bauchi ƙaramin gari ne ta wannan fuska, idan fuska ta fito sai wani ya gane ta, daga nan hira ta ɓarke. Kakanninmu sun san majigi tun zamanin Turawa, lokacin da motocin gwamnati ke yawo gari-gari suna haska fim a fili da mai bayani a gefe, kuma har yau idan dattijo ya shigo yakan jira a fara bayani. Ba na yi. Farin yadi nake ɗaurawa idan bangon ba shi da kyau, kuma a lokacin hunturu sai an buɗe majigin an kaɗe masa ƙura kafin kowane wasa, in ba haka ba ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiya.

Wani lokaci ina gayyatar wani dattijo mai busa algaita. Masu algaita suna da fasahar da masu busa na Turai ke shan wahalar koyo, wato su tara iska a kumatu su ci gaba da busa suna shaƙar wata ta hanci, don haka sautin ba ya yankewa. Da na fara roƙonsa ya riƙe mini sauti ɗaya kawai, ya dube ni ya ce, “Yaro, algaita magana take yi, kai kuma kana so ta yi gunji.” Na ce, “Baba, a yi mini haƙuri, a riƙe na ɗan lokaci, in ya so sai a yi maganar.” A kan haka muka daidaita, kuma ina ganin gaskiya tana wajensa. Akwai masu son su ce ai dogon amo namu ne tun asali, ga algaita ga goge, amma wannan cika baki ne, domin algaita da goge kayan take da kirari da waƙa ne, kuma wanda ya matse su suka koma amo ɗaya ya zubar da mafi yawan abin da ke cikinsu. Abin da muke da shi shi ne numfashin da kunnen da ya saba da sauti mai kauri, kuma wannan ma ba kaɗan ba ne. Kakaki kuwa ban taɓa nema ba, na sarauta ne, ba a wasa da shi. Saboda algaita kayan fili ce, ƙarfinta ya fi ƙaramin ɗaki, sai ya tsaya a tsakar gida a bar ƙofa a buɗe, sautinsa ya shigo daga baya, mutane suna juyawa suna neman inda yake.

Ƙarfin sauti abu ne da nake taka-tsantsan da shi, duk da cewa Niblock da ƙarfi sosai yake kunna nasa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 (da desibel ake auna ƙarfin sauti) na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a 100 minti 15 ne kacal. Dogon amo ba ya ba kunne hutu kamar yadda kiɗan ganga ke yi tsakanin bugu da bugu, don haka nakan tsaya ƙasa da 90, wanda ya isa a ji gogayyar a jiki. Akwai kuma maƙwabta, domin amon ƙasa yana ratsa bangon bulo kamar babu shi.

Maƙwabtan nan su ne rabin shirin. Ɗaki mai duhu, matasa a zaune shiru, wani gunji yana fita ba waƙa ba wa'azi, ga kuma busa daga tsakar gida, ba sai an gaya wa kowa irin zargin da wannan zai iya jawowa a unguwa ba. Don haka kafin ranar nakan je in gaida mai unguwa in yi masa bayani, in kuma gayyaci na kusa su leƙo, ƙofa a buɗe take, kuma akwai fitila ɗaya a baya da ba a kashewa. Bayan sallar isha'i muke farawa, mu tashi kafin ƙarfe goma. Mata suna da gefensu kusa da ƙofa. Wasu sukan fita bayan minti goma, kuma ba na jin haushi, wasu sukan yi barci, wanda ni ban ɗauke shi aibu ba. Masu tsayawa har ƙarshe ba kullum ne 'yan jami'a ba kamar yadda ake zato. Wanda ya fi kowa fahimtar abin a cikin masu zuwa wani mai gyaran janareta ne, wanda ya shafe rayuwarsa yana gane ciwon inji daga sautinsa, kuma shi ne yake fara ɗaga kai idan tushen ya gusa ko da kaɗan.

Kuɗi ba ya fitowa. Abin da ake tarawa a ƙofa da kyar yake biyan fetur da hayar sifiku, sallamar Baba mai algaita kuwa daga aljihuna take fita, kuma ita nake fara warewa kafin komai. Wasu sun ba ni shawarar in koma inbata da batir don a rabu da ƙarar inji, kuma ta fuskar majigi shawara ce mai kyau, tunda ɗaukewar wuta farat ɗaya tana rage wa ƙwansa kwana. Majigin da laftof zan mayar kan batir idan hali ya yi. Sifikun dai za su ci gaba da zama a kan janareta.