Yadda na auna zaman takunkumi a fuskokin ma'aikatanmu

Na shafe shekaru ina kula da lafiyar ma'aikata a wani kamfanin fasa dutse, kuma a duk tsawon lokacin ina ganin na sauke nauyin da ke kaina muddin na raba takunkumi kowace safiya. Dutsen da muke niƙawa yana ɗauke da sinadarin silika, wanda ƙurarsa mafi laushi ido ba ya ganinta, amma idan ta shiga huhu sai ta zauna, ta yi ta haifar da tabo har numfashi ya gagara. Likitoci suna kiran ciwon silikosis, ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Takunkumin da muke saya samfurin N95 ne, wanda ƙyallensa yake tare aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ɓurɓushi. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne, idan aka tashi aiki suka cire takunkumi, sai in ga farar ƙura ta kwanta a gefen hancin wasunsu, daidai wurin da ya wuni a rufe.

Shi ya sa na yanke shawarar gwada ko takunkumin yana mannewa a fuskar kowa yadda ya kamata. Kayan gwajin da muka sayo ba su da yawa: wata babbar hula da ake kifa wa mutum har kafaɗa, mai gaban leda da ƙaramin rami, da ƴan famfunan feshi biyu, da ruwan Bitrex, wani sinadari mai tsananin ɗaci da ba ya cutarwa a wannan ƙaramin adadi. Na bi ƙa'idar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, domin ita ce ke cikin takardar kayan. Da farko ana kifa hular ba tare da takunkumi ba, mutum ya buɗe baki ya ɗan fito da harshe, a fesa masa ruwan Bitrex mai rauni sau 10, idan bai ji ɗaci ba a kai 20, sannan 30. Wanda bai ji komai ba har 30, wannan ruwan bai dace da shi ba, sai a koma ga na sakarin mai zaƙi. Bayan ɗacin ya bar bakinsa sai ya sa takunkumi, ya zauna da shi minti 5, a mayar da hular, a fesa ruwa mai ƙarfi, a riƙa ƙarawa duk bayan daƙiƙa 30, shi kuwa yana yin motsi iri 7, kowanne minti guda: numfashi na yau da kullum, dogon numfashi, juya kai dama da hagu, ɗaga shi da sunkuyar da shi, magana da ƙarfi, ruku'u, sannan ya koma numfashin farko. Idan ya ji ɗaci, iska tana shiga ta gefen takunkumin ke nan, ya faɗi gwajin; idan bai ji ba, ya haye.

Da kaina na fara, kuma ni ne na fara faɗuwa. Ina juya kai hagu ɗacin ya cika mini baki, ashe na saba matse ƙarfen hancin da yatsu biyu na hannu ɗaya, wanda yake yi masa tsini ya bar kafa a saman hanci, alhali da hannu biyu ake lanƙwasa shi ya bi ƙashin. Ma'aikatan sun yi dariya sosai, dariyar kuma ta taimaka, don daga nan babu wanda ya ɗauki faɗuwa abin kunya.

Kuskurena na biyu goro ne. Ƙa'ida ta ce kada a ci, kada a sha komai sai ruwa, kada a sha taba ko a tauna cingam na minti 15 kafin gwaji, ni kuma na karanta musu haka kamar yadda yake a rubuce, na manta cewa mai cin goro ba ya lissafa shi cikin abinci. Mutum uku a jere suka ce ba su ji ɗaci ba, har na fara zargin ruwan, sai na lura da jan bakinsu. Na sallame su suka kurkure baki, suka dawo bayan sallar Azahar, duka ukun suka ji ɗacin tun feshin farko.

Mafi yawan waɗanda suka faɗi, ba sakacinsu ba ne. Girma ɗaya muke saya wa kowa, alhali siririyar fuska da mai kumatu ba za su shiga abu ɗaya ba, kuma da muka kawo wani samfurin mai naɗewa da kuma ƙarami, da yawa suka haye.

Batun gemu ne ya fi ba ni wahala. Gashi ko na kwana biyu ne, in dai ya shiga tsakanin bakin takunkumi da fata, iska za ta bi ta nan, domin ta fi son hanya mai sauƙi a kan ta ratsa ƙyalle. Dattijon da ke kula da babban injin niƙa, wanda ya girmi mahaifina, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, na ji bayaninka, amma gemun nan sunna ce, ba zan aske shi don ƙura ba." Na ce, "Baba, ban zo don in sa ka aski ba, huhunka nake ji." Ban ga dalilin jayayya da shi ba, tunda akwai mafita: hula mai batir da ke tura tatacciyar iska cikinta, wadda ba ta dogara da mannewa a fata, saboda haka ba ta buƙatar wannan gwaji. Tana da tsada, kuma sai da na yi ta kai da kawowa ofis kafin a sayi kaɗan ga masu gemu da ke tsakiyar ƙurar. A cikin wannan kai da kawowar ne aka amince a sa feshin ruwa a bakin injin, wanda a ganina ya fi duk takunkuman amfani, domin ƙurar da ta jiƙe ba ta tashi.

Yanzu kowane ma'aikaci yana da kati mai ɗauke da samfuri da girman takunkumin da ya haye da shi, kuma mai rabo ba ya ba shi wani daban. Ana maimaita gwajin duk shekara, ko idan mutum ya rame, ko ya yi ƙiba, ko aka cire masa haƙora. Da lokacin maimaitawa ya zo daidai da watan azumi, ma'aikatan suka ce ba za su buɗe baki a fesa musu abu mai ɗanɗano da rana ba, sai na ɗage shi zuwa mako na biyu bayan ƙaramar sallah.