Yin Godiya Da Karɓar Godiya

Abin da ya sa na sayi ɗan littafin rubutu don godiya shi ne wani bincike da Robert Emmons da Michael McCullough suka wallafa a Amurka a 2003. Sun kasa ɗalibai gida uku. Wasu suna rubuta abubuwa biyar da suka gode a kansu duk mako, wasu abubuwan da suka dame su, wasu kuma abin da ya faru kawai. Bayan mako 10, 'yan rukunin farko sun fi sauran gamsuwa da rayuwarsu, sun kuma fi kyautata zato ga mako mai zuwa.

Da farko abin da nake rubutawa bai wuce lafiya da iyali da aikin yi ba. Duk gaskiya ne, amma da na yi ta maimaitawa sai hannu ya riƙa rubutawa zuciya tana wani wuri. Abin ya fara yin rai ne lokacin da na koma ƙananan abubuwa. Akwai ranar da kwamfutata ta tsaya cik ana dab da tashi daga aiki, wani abokin aikina da ya riga ya rataya jakarsa ya sauke ta, ya jawo kujera, ya zauna muka yi ta fama har ta tashi. Na rubuta sauke jakar nan. A nan alherin yake, domin a daidai lokacin ne ya zaɓi ya bar hanyar gida saboda ni.

Sannu a hankali na lura kusan kowane layi a littafin yana da mutum a bayansa, kuma mutumin bai san na rubuta ba. Wannan ya dame ni. Godiyar da ta tsaya a takarda ni kaɗai take wa amfani.

Sai na rubuta wa wata malamata ta makarantar sakandare wasiƙa. Na tuna mata yadda take dawo mini da rubutuna cike da jan biro, amma kullum sai ta ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya ta rubuta "wannan ta yi". Kafin in aika na yi ta jin nauyi, ina tunanin za ta ga abin banbaraƙwai bayan shekaru masu yawa. Ashe wannan jin nauyin ba nawa ba ne ni kaɗai: Amit Kumar da Nicholas Epley sun nuna a 2018 cewa masu rubuta wasiƙar godiya sukan raina irin farin cikin da mai karɓa zai yi, su kuma zuzuta kunyar da suke tsammanin zai ji. Ta kira ni a waya muryarta na rawa, ta ce, "Ɗana, ban taɓa sanin akwai mai kula da layin nan ba."

Karɓar godiya kuwa, a ganina, ta fi yin ta wuya. Na gane haka ne daga ɓangaren mai bayarwa. Ka shirya maganarka, ka tsaya gaban mutum, kana buɗe baki sai ya kaɗa hannu ya ce ai bai yi komai ba, ya sako wani zance. Da kyakkyawar niyya ya yi, tawali'u ne. Amma kai za ka koma da maganarka a ciki, kamar wanda ya kai kyauta aka ƙi buɗe masa ƙofa. Kuma cewa ba a yi komai ba tamkar ce maka ne abin da ya taɓa ranka bai kai ya kawo ba.

Saboda haka yanzu idan aka zo gode mini, nakan ajiye wayar da ke hannuna, in dubi mutum, in bar shi ya kai aya. Kwanan baya wata sabuwar ma'aikaciya ta ce, "Yaya, da ba ka nuna mini yadda ake haɗa rahoton nan ba, da na ji kunya a taro." Na ce mata na ji daɗi da ya yi mata amfani, kuma ita ce ta tsaya ta koya. Ta yi murmushi, sannan ta tambaye ni ko zan duba mata na mako mai zuwa.