Kare yana gargaɗi kafin ya yi cizo

Bara da girbin riɗi, a gonar kawuna da ke wajen garin Gadarif a ƙasar Sudan, wata karya ta ciji yaro ɗan shekara bakwai a hannu, kuma duk wanda ya ba da labarin daga baya cewa yake yi babu gaira babu dalili ta far masa. Ni da nake tsaye a bakin rumfar na ga abin da ya faru. Karyar jego take yi, 'ya'yanta suna kwance a bayan buhuna, yaron kuwa ya durƙusa yana miƙa musu hannu. Ta kau da kai, ta lashi baki, ta kwantar da kunnuwa, jikinta ya sandare, sannan ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, duk kafin haƙorinta ya taɓa fatarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke rarumar sanda da zarar kare ya yi gurnani. Duka yakan koya masa ya daina gurnanin, amma tsoron da ya haifar da shi yana nan daram, har wata rana ya kai cizo ba tare da wata sanarwa ba. Yawancin cizo daga tsoro yake fitowa, ko ciwo, ko tsaron abinci da 'ya'ya; karen da aka ɗaure yini guda a rana, yara suna jifansa, ba shi da hanyar gudu sai ta baki. Ya kamata a koya wa yaro cewa idan baƙon kare ya tunkaro shi, ya tsaya cak, ya naɗe hannuwa, kada ya zura masa ido, kada kuma ya ruga.

Kawu ya so a barbaɗa toka a ɗaure ciwon, sai na ce, "Kawu, a yi haƙuri, a kawo ruwa da sabulu tukuna." Mun wanke wurin minti 15 cur, sannan muka kai shi asibiti domin allurar haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, wadda kuma da wuya a tsira idan alamunta suka bayyana. Karyar an killace ta kwana 10 ana lura da ita, ta fito lafiya lau, daga nan Kawu ya mayar da makwancinta can bayan rumbu, nesa da inda yara suke wasa.