Abin da rula mai giram 10 ta koya min a lissafin momen

Ƙannena masu yin fiziks, ku zo ku ji yadda na zubar da maki a banza, wallahi har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Fomula dai na haddace ta tsaf, momen, wato ƙarfin juya abu, shi ne fos (ƙarfin turawa ko ja) sau nisa, amsa a newton mita, shikenan. Amma nisa daga ina? Nan fa na sha ƙasa. A jarrabawa aka ba mu rula mai tsawon mita 1, an ɗora ta kan madogara, wato abin da take lilo a kansa, a lamba 40cm, an rataya giram 50 a lamba 10cm, ta tsaya daidai, wai a nemo nauyin rular. Ni gwanin sauri ko zane ban yi ba, kawai na kwashi lamba 10 da lamba 50 ta tsakiyar rular yadda suke a jikin rula na buga a matsayin nisa, ta fito min giram 10, na ja layi biyu a ƙasa ina jin kaina. Rular katako mita guda giram 10 fa, ko a ido ai ka san da sake.

Nisan daga madogara ake auna shi. Daga 10 zuwa 40 tazarar 30cm ce, wato mita 0.3, giram 50 kuma newton 0.5 ne in ka ɗauki g, wato ƙarfin jan ƙasa, a 10, ka ga momen 0.15 kenan. Nauyin rular yana aiki ne a tsakiyarta, lamba 50, tazararsa 0.1 a ɗaya ɓangaren, tunda ta tsaya cak dole momen mai juya ta yadda hannun agogo ke tafiya ya yi daidai da mai juya ta baya, sai ka raba 0.15 da 0.1, newton 1.5, giram 150.

Sai da malaminmu ya sa na tura ƙofar aji daga gefen da aka maƙala ta, ina ta nishi ana dariya, sannan na gane dalilin sa mariƙin ƙofa can nesa da wurin, da dalilin da doguwar sifana ta fi kwance noti.

Wani wurin kuma da na sake faɗawa, in fos ya zo a karkace ba digiri 90 ba sai ka ninka da sin (sine, yana jikin kalkuleta) na kusurwar, a digiri 30 rabi kawai za ka samu. Don Allah ku fara zana madogarar kafin ku taɓa kalkuleta, ku mayar da cm mita tun a layin farko.