Godiya bayan aikin idon Baba

Alhamdulillahi, Allah Ya kawo mu ƙarshen wannan jinya. An cire yanar idon, Baba yana zuwa masallaci ba ɗan jagora.

Washegarin aiki ne hankalinmu ya tashi. Da aka cire bandeji ya hango agogon bango, ya faɗi ƙarfe nawa, sai ya buɗe Alƙur'aninsa. Ya matso da shi, ya nisanta, ya yi shiru. "Baƙaƙen sun cakuɗe," ya ce, murya na rawa. Nas ɗin da ke bakin aiki ta ɗauko tabarau mai lamba +2.50, ta sa masa da hannunta, ta ce, "Baba, sake dubawa." Ya karanta aya uku, hawaye ya hana shi ta huɗu. Baiwar Allah, Ubangiji Ya haskaka rayuwarki, Ya jiƙan mahaifanki.

Masu shirin kai iyayensu, ku san wannan tun da wuri: ba aikin ne ya lalace ba. 'Yar ƙwayar cikin ido da ta yi hazo ake cirewa a sa ta roba, ita kuwa ta roba ba ta miƙewa ba ta tsukewa, yawanci a kan hangen nesa ake saita ta. Na kusa, kamar kamu ɗaya daga fuska, sai da tabarau, galibi +2.00 zuwa +3.00. Abin ya fi girgiza tsohon da yanar ta sa yake karatu ba gilashi, ya ɗauka idonsa ne ya dawo. Kada a yi gaggawar yanka tabarau mai tsada, sai ido ya zauna, sati 4 zuwa 6, a auna. Kafin nan na kanti mai araha ya wadatar. A kiyaye maganin ɗigawa, ba kwalli, ba murzawa, a yi hattara da ruwan alwala. Ciwo mai ƙaruwa, jan ido ko raguwar gani, a koma asibiti a ranar.

Godiya ga Goggo da ta riƙe lokutan ɗiga magani ko na asuba bai wuce ta ba, da maƙwabcinmu mai adaidaita da ya ƙi karɓar ko sisi, da Liman da ya yi ta sa shi a addu'a. 'Yan'uwan da ko waya ba su buga ba, Baba ya tambaye ku sau biyu, mun ce kuna hanya.

Allah Ya bai wa marasa lafiya lafiya, Ya bar mana Baba da Alƙur'aninsa. Amin.