Maɓallin da na kashe

Wani abokina ya ba ni motarsa in ɗana, irin wadda tayoyin baya ke turawa, ƙarfin doki ɗari huɗu da 'yan kai. An yi yayyafi, kwalta na sheƙi. Kafin mu tashi na danna maɓallin da ke kashe na'urar hana santsi, wai ni gwani, ba na son kwamfuta ta riƙe mini hannu. Ya kalle ni ya ce, "Malam, ka tabbata?" Na ce ya zuba ido kawai.

A kwana ta biyu na taka totur tun sitiyari bai miƙe ba. Sai na ji gindin motar ya zame dama kamar an janye tabarma. Na karya sitiyari don in tare ta, na wuce gona da iri, ta dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfin da ya fi na farko. Karo na uku ta ƙwace, ta yi katantanwa, muka tsaya muna fuskantar inda muka fito. Allah ya tsare, babu kowa a hanyar. Ƙafata sai rawa take a kan birki.

Da dare na kasa barci, abin da ke yawo a kaina kuwa jirgin yaƙi ne, F-16.

Ranar 20 ga Janairu 1974, a sansanin Edwards da ke Kalifoniya, matuƙin gwaji Phil Oestricher ya shiga samfurin farko na jirgin. Ba tashi aka shirya ba, gudu kawai zai yi a ƙasa. Jirgin ya fara tangaɗi hagu da dama, duk gyaran da ya yi sai ya ƙara abin, har fiffike ya goge ƙasa. Da ya ga zai fita daga titin, sai ya ƙara wuta ya tashi sama, ya zaga kamar minti shida ya sauko. Sandar tuƙin ce ta cika jin taɓi. Abin da ya same ni ke nan, sai dai shi yana da sararin sama da zai gudu, ni kuwa sai kwalbati.

Abin da ya fi burge ni, da gangan aka ƙera jirgin ba ya zama daram. An matsar da tsakiyar nauyinsa baya don ya riƙa juyawa kamar walƙiya, shi ya sa yake iya kwanar da nauyin matuƙi ke ninkuwa sau 9. Hannun ɗan Adam ba zai iya riƙe shi ba. Matuƙi yana faɗin inda yake so ne, kwamfuta ke ta gyara ba hutawa. Sandar ma da farko ko motsi ba ta yi, matsin hannu kawai take aunawa, sai da matuƙa suka koka aka ba ta ɗan motsi.

Mota ma tana da irin wannan hali. Porsche 911 Turbo ta 1975, injinta na bayan tayoyin baya, ƙarfin kuma ba ya zuwa sai ya yi jinkiri, ya zo gaba ɗaya. Ka tsorata ka ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana, nauyi ya koma gaba, baya ya wuce ka. Lokacin babu na'urar da za ta cece ka. Sai 1995 Mercedes da Bosch suka fito da ESP, wato irin na'urar hana santsin da na kashe, mai matse birkin taya guda ita kaɗai idan mota ta fara zamewa. Ni ƙafata birki ɗaya take da shi na tayoyi huɗu.

Ashe duk kwanonin da na sha a baya ina yaba kaina, akwai mai gyara mini a ɓoye.

Abokina dai bai ce uffan kan abin da ya faru ba ranar. Ya miƙa hannu ya danna maɓallin, fitilar gargaɗin ta mutu, ya ce in sauko ya karɓi kayarsa.